Nazarin Lamari: Harhaɗa Xfce Daga Tushe a Wata Cibiyar Koyon Kwamfuta a Gadarif

A watan Janairun 2023, lokacin da ake ƙarasa girbin dawa a gonakin Gadarif da ke gabashin Sudan, manyan motoci kuma suna ta sauke buhunan riɗi a kasuwar amfanin gona, na yi mako uku a wata ƙaramar cibiyar koyon kwamfuta da ke cikin ɗaya daga unguwannin Hausawan garin. Ina karatu a Kartum a lokacin, kuma abokin karatuna, wanda ɗan unguwar ne, shi ya roƙe ni in bi shi gida hutu in duba injinan kawunsa da suka kusa zama tarkace. Na rubuta wannan bayani domin mai ƙaramar cibiya irin wannan, ko a Kasala yake ko a Mai Wurno ko a Kano, wanda aka gaya masa cewa harhaɗa manhaja daga tushenta, wato ɗauko rubutun masu ita a mayar da shi harshen inji da kai maimakon ɗora wadda aka riga aka shirya, shi ne maganin nauyin tsohuwar kwamfuta. Ni ma da wannan zato na shiga aikin, kuma abin da injinan suka nuna mini ya saɓa masa.

Cibiyar ɗaki guda ce mai rufin kwano, da fanka biyu, da kwamfutocin tebur goma sha biyu da aka sayo na hannu. Dukkansu suna ɗauke da furosesa samfurin Core 2 Duo, wanda kamfanin Intel ya fara fitarwa a 2006, da ƙwaƙwalwar aiki, wadda masu gyara ke kira RAM, ta gigabait 2, da tsohon faifan ajiya mai juyawa. Windows 7 ce a kansu, wadda Microsoft ya daina tallafa wa tun 14 ga Janairun 2020, kuma ƙwayar cutar nan da ke ɓoye jakunkunan filash ta zaga su kaf. Ɗalibai suna zuwa kashi biyu, samari da safe, 'yan mata bayan la'asar, kuma galibinsu abin da ya kawo su shi ne koyon buga takarda da Larabci da kuma lissafin buhuna da kuɗi a jadawali, domin iyayensu manoma ne ko 'yan kasuwar hatsi. Darasin sa'a guda kan rasa kusan rubu'insa wajen jiran inji ya tashi.

Ranar da na isa, mai cibiyar, wanda ni ma na riƙa kiransa Kawu, ya zaunar da ni a rumfar ƙofar gida, aka kawo jabana, wato gahawa, ya ce: "Ɗana, abu uku nake nema a wurinka. Inji ya tashi kafin yaro ya gaji da jira, yaro kada ya iya lalata shi komai ƙiriniyarsa, sannan a iya rubuta Larabci da Hausa a kansa." Waɗannan sharuɗɗa uku su ne ma'aunin da na auna duk abin da ya biyo baya. Ya kuma haɗa ni da matasa biyu da ke taya shi koyarwa, saurayi da budurwa, ya ce duk abin da zan taɓa in taɓa shi a gabansu.

Zaɓin farfajiyar aiki

Mun ɗora Debian 11, ɗaya daga cikin rarrabawar tsarin Linux, wadda ta fito a Agustan 2021, ba tare da komai na hoto ba, sai baƙar fuska da wurin rubuta umarni. A tsarin Linux, abin da mai amfani ke gani, wato tagogi da sandar ƙasa da jerin manhajoji da wurin duba fayiloli, wani ɓangare ne daban da ake zaɓa a ɗora, kuma shi nake kira farfajiyar aiki. GNOME da KDE Plasma ba su shiga lissafina ba saboda ƙarancin RAM. LXDE, wadda Hong Jen Yee na Taiwan ya fara a 2006, tana da sauƙi ƙwarai, amma ci gabanta ya ja baya tun da masu ita suka haɗa kai da Razor-qt a 2013 aka samar da LXQt. Ita kuwa LXQt a kan tubalan Qt aka gina ta, alhali Firefox da za mu ɗora a kan tubalan GTK yake tafiya, kuma ban ga dalilin da zai sa inji mai gigabait 2 ya ɗauki kaya iri biyu don aiki ɗaya ba. Sai Xfce ta rage, wadda Olivier Fourdan na Faransa ya fara a 1996, ta koma GTK 3 a fitowa ta 4.14 a 2019, kuma tana da fassarar Larabci.

Debian 11 tana zuwa da Xfce 4.16 a shirye, umarni ɗaya ya isa a ɗora ta. Abin da ya ja ni zuwa harhaɗawa dalili biyu ne. Na farko, Xfce 4.18 ta fito a ranar 15 ga Disambar 2022, wata guda kafin zuwana, kuma Thunar, wato manhajar duba fayiloli, ta samu damar janye aiki: idan yaro ya matsar da jaka ko ya sake mata suna ko ya jefa ta kwandon shara bisa kuskure, sai ya danna a mayar masa. Ga ajin masu koyo wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dalili na biyu shi ne zaton da na ambata, cewa idan na harhaɗa da hannuna, na datse duk abin da ba ma buƙata, zan sami farfajiyar da ta fi ta Debian sauƙi nesa ba kusa ba. Na duba na ga 4.18 tana neman GLib 2.66 da GTK 3.24, kuma Debian 11 tana da su daidai, don haka hanya a buɗe take.

Yadda ginin ya gudana

Xfce ba manhaja ɗaya ba ce, tarin ƙananan sassa ce da kowanne ke tsaye a kan na ƙasa da shi, shi ya sa jerin harhaɗawa yake da muhimmanci kamar jerin tubali a gini. Ana farawa da libxfce4util, sannan xfconf mai riƙe saituna, sannan libxfce4ui, sai garcon mai tsara jerin manhajoji, sai exo, sai Thunar. Bayan waɗannan ne ake zuwa xfce4-panel, xfce4-settings, xfce4-session, xfwm4 mai kula da tagogi, da xfdesktop. Kowane sashe mataki uku yake bi: ./configure ya binciki injin ya tabbatar akwai abin da ake dogaro da shi, make ya mayar da rubutun C zuwa harshen inji, make install ya ajiye sakamakon a mazauninsa. Na zaɓi /opt/xfce4 ya zama mazaunin, domin komai ya taru a jaka ɗaya da za a iya naɗewa a kwafa wa sauran injina, kuma na nuna wa PKG_CONFIG_PATH hanyar /opt/xfce4/lib/pkgconfig domin kowane sashe ya ga wanda aka gina kafinsa. Tun a nan wani lissafina ya karye, domin na ɗauka sauke tushen manhaja zai rage mana kuɗin data, amma kayan ginin kansu, build-essential da intltool da libgtk-3-dev da libwnck-3-dev da 'yan uwansu, sun ci data fiye da yadda Xfce ɗin Debian da ke shirye za ta ci.

Ginin farko a kwamfutata ta hannu na yi shi, saboda ta fi sauri, kuma cikin tutocin harhaɗawa na sa -march=native, wanda ke umartar gcc, manhajar da ke yin harhaɗawar, ya yi amfani da duk dabarun furosesar da yake aiki a kanta. Da muka kwafa jakar zuwa inji na farko muka kira startxfce4, sai ya faɗi nan take da saƙon "Illegal instruction", ma'ana an ba furosesa umarnin da ba ta sani ba. Kwamfutata tana da rukunin umarnin AVX, wanda Intel ya shigo da shi a 2011, Core 2 Duo kuwa ta girme shi da shekara biyar. Kuskuren nawa ne, kuma ya ci mana yini guda. Na cire tutar, na bar -O2 kaɗai, na kuma yanke shawarar cewa za a yi ginin a kan ɗaya daga cikin injinan cibiyar, komai jinkirinsa, domin abin da aka gina a inda zai zauna ba ya zuwa da baƙon hali.

A wannan inji ./configure bai ko yi nisa ba ya tsaya, ya ce sabon fayil ɗin da ya ƙirƙira ya girmi fayilolin da aka sauko da su, a duba agogo. Budurwar nan ce ta fara rubuta date, sai ga shi injin yana zaune a shekarar da aka ƙera shi. Muka kwance murfin, muka busa jar ƙurar da ta yi kauri a kan fanka, na nuna musu ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke riƙe agogo idan an ɗauke wuta. Ya mutu, kuma da muka bi sauran injinan sai muka tarar fiye da rabinsu haka suke. Wannan ɗan batiri ya bayyana wasu matsalolin da aka daɗe ana ɗora wa intanet laifinsu, domin inji mai agogon da ya koma baya yakan ƙi amincewa da takardar shaidar shafuka masu tsaro, apt ma, mai sauko da ƙunshin manhajoji a Debian, yakan ce jerin ƙunshin da ya sauko lokacinsa bai yi ba tukuna. Saurayin ya hau keke ya sayo batira a wurin masu gyaran agogo.

Ɗauke wuta ya same mu sau ɗaya ana tsakiyar harhaɗa Thunar, ya bar guntun fayil da make ya ɗauka kammalalle ne saboda lokacin da ke jikinsa sabo ne. Tun daga nan doka ta zama make clean bayan kowace ɗaukewar wuta.

Matsalar da ta fi ɗaukar mana lokaci ta zo ne bayan an gama gini lafiya. Mun shigar da /opt/xfce4/lib cikin /etc/ld.so.conf.d, mun kira ldconfig, mun kira startx, sai fuska ta yi toka-toka, wata ƙaramar taga ta fito tana cewa an kasa samun mai riƙe saituna. Babu sanda, babu jerin manhajoji. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wannan saƙo bai taɓa fitowa a kwamfutata ba, ko a ginin farko. Na kwana biyu ina zargin xfconf, har na sake harhaɗa shi, kafin na gane cewa lafiyarsa ƙalau, kiransa ne ba a yi. Sassan Xfce ba sa tayar da xfconfd da kansu; suna aika buƙata ta hanyar D-Bus, wanda shi ne ɗan aiken da ke tsakanin manhajoji, shi kuma ya duba wasu sanannun jakunkuna ya nemo fayil ɗin da ke gaya masa inda xfconfd yake. A Debian 11 wannan ɗan aike yana tashi tun lokacin da mutum ya shiga da sunansa, kafin startxfce4 ya sami damar sanar da kowa cewa akwai wani wuri mai suna /opt/xfce4/share, don haka /usr/share da /usr/local/share kaɗai yake dubawa. A kwamfutata akwai tsohuwar Xfce ta Debian, kuma ashe xfconfd ɗinta ne ke amsa kira a ɓoye, ni kuwa ina ganin ginina ne ke aiki. Maganin layi ɗaya ne a wani ɗan fayil cikin /etc/dbus-1/session.d, mai nuna wa D-Bus jakar /opt/xfce4/share/dbus-1/services. Da /usr/local na zaɓa tun farko da wannan bai faru ba, sai dai da sassan sun watsu cikin jakunkuna da yawa, kwafarsu da cire su sun yi wuya. Har yanzu ina ganin /opt ya fi dacewa da wanda zai rarraba wa injina da yawa, da sharaɗin ya san wannan rami tun kafin ya faɗa.

A cikin zafin datse kaya na bar gvfs da udisks2 a waje, domin suna tayar da ƙananan hidimomi da ke zaune a RAM. Ranar gwaji da ɗalibai, wani yaro ya soka filash bai ga komai ba, wata yarinya kuma ta nemi kwandon shara ta rasa. Thunar ba shi da kwandon shara na kansa, daga gvfs yake aro, kuma idan babu kwandon, gogewa ta zama ta har abada, damar janye aikin da ta sa na ɗauko 4.18 ta rasa rabin amfaninta. Muka mayar da su a ranar.

Larabci, boko da ajami

Sharaɗin Kawu na uku shi ne inda aikin ya fi yi mini daɗi, kuma babu abin da harhaɗawa ta ƙara a cikinsa, duk saiti ne. Matasan unguwar Hausa suke yi a gida da kasuwa, amma da Larabci suka yi makaranta, kuma da yawansu ba su taɓa ganin Hausa a rubutun boko ba sai a wayar hannu. Saboda haka muka kunna ar_SD.UTF-8 ya zama harshen injin, GTK ya juya komai daga dama zuwa hagu, jerin manhajoji ya koma kusurwar dama inda idonsu ya saba farawa. Haɗa haruffan Larabci da juna aikin HarfBuzz ne, jera Larabci da boko a layi ɗaya kuma aikin FriBidi ne, dukansu suna ƙarƙashin Pango, kuma suna nan a Debian ba tare da mun taɓa su ba.

Allon rubutu kuwa, tarin xkeyboard-config yana da tsarin ara na Larabci, yana kuma da tsarin Hausa a ƙarƙashin ng, mai ɗauke da haruffa masu ƙugiya. Muka rubuta su biyun a /etc/default/keyboard tare da grp:alt_shift_toggle, domin Alt da Shift su riƙa sauya harshe kamar yadda ɗaliban suka saba a Windows, muka kuma bar saitin Xfce a kan bin tsarin injin, domin idan ba haka ba xfsettingsd yakan shafe zaɓin da nasa. Salon haruffan DejaVu Sans yana da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, manya da ƙanana, don haka ba mu sha wahalar akwatunan nan marasa komai da ke fitowa a madadin harafi ba.

Ajami ne ya buƙaci ƙarin aiki. Allon Larabci ba shi da harafin da Hausawa ke rubuta tsa da shi, wato ɗa mai hannu da ɗigo uku a sama, wanda lambarsa a Unicode U+069F ce, ba shi kuma da ɗigon imala na ƙasa, U+065C, da ke ba da wasalin e. Muka ware maɓalli ɗaya ya zama na haɗa haruffa, muka rubuta waɗannan a fayil ɗin .XCompose, muka ajiye shi a /etc/skel domin kowane sabon ɗalibi ya gaje shi. Sannan na ɗora Alkalami, salon haruffan da ƙungiyar SIL ta zana bisa rubutun hannu irin na Kano, mai kauri, irin wanda duk wanda ya yi makarantar allo zai gane. Na buɗe LibreOffice na rubuta gaisuwa da ajami, na ƙara girman haruffan har suka cika fuskar injin, na kira Kawu. Ya gyara tabarau, ya sunkuya, ya bi layin da yatsa daga dama yana karantawa a hankali, sai ya ce: "Ustaz, wannan ai hannun mahaifina ne." Ya sa aka buga masa a takarda ya shiga da ita cikin gida. Kakanninsa suna cikin mutanen da suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka a ƙafa suka zauna a Sudan, kamar dubban da suka biyo hanyar gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma wannan rubutu yana cikin ɗan abin da suka riƙe.

Kulle saituna

Sharaɗi na biyu ya zo da sauƙi. Xfce tana ajiye saitunanta a fayilolin XML, kowane sashe da nasa. Muka tsara inji ɗaya yadda muke so, sanda ɗaya a ƙasa mai ɗauke da jerin manhajoji da tagogin da ke buɗe da alamar harshe da agogo, sannan muka kwafe fayilolin zuwa /opt/xfce4/etc/xdg/xfce4/xfconf/xfce-perchannel-xml, muka ƙara locked="*" da unlocked="root" a kan na sanda da na fuskar tebur. Daga nan ɗalibi ba ya iya goge sanda ko jan ta zuwa wani gefe, abin da a da kan cinye wa malamai farkon kowane darasi. Ba mu ɗora manhajar shiga mai hoto ba. Inji yana shiga da kansa a tty1, wato baƙar fuskar umarni ta farko, ya kira startx, umarnin da ke tayar da fuskar hoto.

Abin da awo ya nuna

Kafin mu rarraba ginin, na ware injina biyu domin kwatanci, kuma wannan shi ne mataki mafi amfani da na ɗauka a duk zaman. A na farko na ɗora Xfce 4.16 ta Debian yadda mai girkawa ke kawo ta, da duk rakiyarta. A na biyu na ɗora ita dai wannan 4.16 ɗin, amma da --no-install-recommends, wanda ke hana a ɗora rakiyar da ba dole ba, na kuma yi mata irin saitin da muka yi wa namu ginin. Na uku shi ne namu. Muka riƙa kunna su tare, mu jira su natsa, mu rubuta free -m domin ganin RAM ɗin da aka ci, mu kashe mu sake, matasan biyu suna rubuta sakamako a littafi. Na farko ya fi sauran nauyi a fili, a RAM da kuma lokacin tashi. Tsakanin na biyu da na uku kuwa bambancin bai taka kara ya karya ba, 'yan megabait ne da kan koma wannan gefe a wannan kunnawa, su koma wancan a ta gaba.

Da na zauna na yi tunani, sai na ga babu abin mamaki a ciki. Debian ma da -O2 take harhaɗa ƙunshinta, don haka ban zo da wata dabara da ba su sani ba. Mafi yawan RAM da farfajiyar ke ci yana tafiya ne ga GTK da GLib da sabar X mai zana abin da ke kan fuska da haruffa, waɗanda ban harhaɗa ko ɗaya daga cikinsu ba. Abubuwan da na kashe a ./configure, irin su takardun bayani da introspection da fassarorin harsunan da ba ma buƙata, wuri suke ci a faifai, kuma Linux ba ya ɗauko wani yanki na manhaja zuwa RAM sai an buƙace shi, saboda haka abin da ke kwance a faifai ba a kira shi ba bai nauyaya wa kowa ba. Sauƙin da muka samu daga wasu wurare ya fito, kuma duk ana iya yin su a kan ƙunshin Debian cikin sa'a guda: kashe hidimomin da systemd-analyze blame ya nuna suna jan lokaci alhali ba a buƙatarsu, kamar ModemManager da bluetooth da avahi; kashe inuwa da sheƙin tagogi ta hanyar mayar da /general/use_compositing na xfwm4 zuwa false; hana tumbler zana ƙananan hotunan manyan fayiloli; da sauya hoton bango da launi ɗaya, domin hoto mai cika fuskar 1280 sau 1024, a kan bait 4 ga kowane ɗigo, ya kai megabait 5 kafin a buɗe komai.

Abin da ya fi duk waɗannan tasiri ma ba a farfajiyar yake ba. Shafi ɗaya mai nauyi a Firefox yana iya cin RAM fiye da Xfce gaba ɗayanta, kuma da zarar gigabait 2 ta cika, injin ya fara juye kaya a tsohon faifai, sai ka ji yana ƙara kamar ana niƙa, linzami ya daskare. Muka ɗora zram-tools, wanda ke ware wani yanki na RAM ya riƙa matse abin da ba a amfani da shi a ciki maimakon kai shi faifai. Core 2 Duo tana matsewa da warwarewa da sauri fiye da yadda faifai mai juyawa ke nemo abu, kuma a ranar ɗalibai suka ga canji da idonsu, har wani ya tambaya ko an sauya injin ne.

Akwai kuma bashin da harhaɗawa ta bar wa cibiyar, wanda ya wajaba in faɗe shi. Duk abin da ke cikin /opt/xfce4, apt bai san da shi ba. Idan aka gano ɓaraka ta tsaro a Thunar ko a xfce4-settings, ƙunshin Debian zai sami gyara da umarni ɗaya, namu kuwa sai wani ya ji labari, ya sauko da sabon tushe, ya harhaɗa, ya zaga inji goma sha biyu da filash. A garin da wuta ke zuwa tana tafiya, data kuma ke da tsada, ban ga adalci a ɗora wa malamai biyu wannan nauyi saboda 'yan megabait da ba su tabbata ba. Hukuncina shi ne mai cibiya ya ɗora ƙunshin da rarrabawarsa ta kawo, ya kashe lokacinsa a kan saiti da batira da busa ƙura, sannan ya ware inji ɗaya a kusurwa domin harhaɗawa, saboda a matsayin darasi ban ga kamarta ba. Matasan nan biyu sun shiga aikin ba su san abin da ke bayan taga ba, sun fita suna karanta config.log su gano wane tubali ya ɓace, kuma budurwar ce ta harhaɗa xfce4-xkb-plugin ita kaɗai, bayan ta gano da kanta cewa libxklavier-dev yake nema.

Mun bar ginin 4.18 a kan injinan saboda damar janye aiki ta Thunar, da niyyar a koma ƙunshin Debian da zarar sabuwar fitowa ta zo da ita. Na koma Kartum a farkon Fabrairu. Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, na bar ƙasar tare da sauran ɗalibai, Gadarif kuma ta cika da mutanen da suka gudo daga Kartum, daga baya kuma daga Wad Madani. Debian 12 ta fito ranar 10 ga Yunin 2023 ɗauke da Xfce 4.18, amma a lokacin babu mai zancen sabunta inji. An daɗe kafin saƙon budurwar ya iso ni, tana cewa: "Ustaz, injinan suna nan, muna so mu koma na Debian, ta ina za mu fara?" Na rubuta mata matakan a jere: ta fara kwafe fayilolin XML daga /opt/xfce4/etc/xdg ta adana a filash, ta goge ɗan fayil ɗin da ke /etc/ld.so.conf.d ta kira ldconfig, ta cire na /etc/dbus-1/session.d domin kada D-Bus ya ci gaba da kiran tsohon xfconfd, ta sabunta zuwa Debian 12, ta ɗora xfce4 da --no-install-recommends tare da gvfs da udisks2, sannan ta mayar da fayilolin saitin ƙarƙashin /etc/xdg. Na ƙara mata da cewa ta gwada a inji ɗaya tukuna, kuma kafin ta taɓa komai ta rubuta date ta ga ko agogon yana daidai.